Babi na Huɗu: Ƙwayar Iri da Sharuɗɗan Tsirowarta

Ranar da aka wayi gari da ruwan farko, ba kowa ke rugawa gona da iri ba. Manomin da ya ga jiya ya ga yau yakan fara zuwa ya tona ƙasa da hannu. In ya ji danshi ya bi shi har wuyan hannu, sai ya ce ruwan shuka ya sauka, ya koma ya ɗauko sungumi. In kuwa tsawon yatsa ɗaya ya nutsa ya tarar da busasshiyar ƙasa, sai ya karkaɗe hannunsa ya koma gida, ko da maƙwabta na ta sara. Abu ɗaya yake gudu. Busasshiyar ƙwayar gero takan shekara a rumbu ba abin da ya same ta, takan kwanta makonni cikin rairayi mai ƙuna tana nan da ranta, amma daga ranar da saiwarta ta huda ɓawo, 'yan kwanaki na rashin ruwa sun isa su kashe ta. Kowace ƙwaya sau ɗaya take tsira. Lokacin shuka, zurfin rami, jiƙa iri ko barinsa a bushe, duk daga nan suka samo hujjarsu, kuma ba za a fahimce su sosai ba sai an buɗe ƙwayar an ga abin da ke cikinta.

Abin da ke cikin ɓawo

A jiƙa farin wake a kofi tun dare. Da safe za a tarar ya kumbura ya kusa ninka girmansa, ɓawon ya yi laushi, da an murza shi tsakanin yatsu biyu sai ya saɓule. Kafin a saɓule shi, a dubi hancin, wannan da mata ke wankewa su zubar in za a yi ƙosai ko alale. Tabo ne na wurin da ƙwayar take maƙale a jikin kwasfa, ta nan ne abinci ya riƙa shigo mata daga uwar shuka har ta ƙosa. Dab da hancin akwai wata 'yar ƙofa da ido ba ya saurin gani. In aka matse jiƙaƙƙen waken a hankali, za a ga ɗan ɗigon ruwa ya ɓullo ta wurin. Ta wannan ƙofa da kewayen hancin ruwa ya fi saurin shiga, kuma kan saiwa yana kwance ne daidai bayanta.

Da ɓawo ya fita, waken zai rabu gida biyu. A gefe, inda ɓarin biyu suka haɗu, akwai wani ɗan abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kansa ɗaya mai tsini ne, shi ne zai zama saiwa. Ɗaya kan kuma yana kwance tsakanin ɓarin, kuma mai kaifin ido zai ga 'yan ganye biyu a naɗe, har da jijiyoyinsu. A gyaɗa abin ya fi fitowa fili: duk wanda ya taɓa raba soyayyar gyaɗa ya ga wannan ɗan tsinken da ke maƙale a ɓari ɗaya. Shukar ce sukutum, da saiwarta da karanta da ganyenta, an riga an gina ta tun tana cikin kwasfa, sannan aka busar da ita aka tsayar da girmanta. Su ma ɓarin biyu ganyaye ne, na farko da shukar ta yi, sai dai an cika su da abinci har sun yi kauri. A wake, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan abinci furotin ne, mafi yawan saura sitaci. A gyaɗa kuwa kusan rabi mai ne.

Wannan abinci guzuri ne. An auna shi daidai tafiyar da ke tsakanin ramin shuka da hasken rana, domin kafin ganye ya fito ya yi kore, tsiro ba shi da wata hanyar samun abin da zai ci. Ƙasa ba ta ciyar da shi a waɗannan kwanaki, taki ma ba ya yi masa amfani tukuna. In guzurin ya ƙare bai iso sarari ba, ya mutu a hanya.

Hatsi ya bi wani tsari dabam. A jiƙa masara kwana ɗaya, a tsaga ta a tsaye da reza. Ba za ta rabu biyu ba. Mafi yawan cikinta, sama da kashi 80 cikin 100, farin gari ne da wani sashe mai tauri kamar ƙaho, kuma wannan rumbun abinci a wajen ɗan tayin yake. Shi ɗan tayin yana manne a gefe ɗaya ta ƙasa, wurin nan mai ɗan loɓawa da fari-fari da ake gani a fuskar ƙwayar, kuma bai wuce kashi 11 ko 12 cikin 100 na nauyinta ba. Ganyen iri ɗaya gare shi, shimfiɗaɗɗe, wanda ya jingina da garin yana tsotse shi. Tohonsa na cikin wani kube mai tsini wanda zai huda ƙasa, saiwarsa ma na da nata kuben. Dawa da gero da shinkafa da alkama duk haka suke, girma ne ya bambanta. A gero ɗan tayin ya fi cin wuri idan aka kwatanta da jikin ƙwayar, kuma mai ne da shi, yana cikin dalilan da suka sa garin gero ba ya jure ajiya, kwana kaɗan sai ya sauya wari.

Dusar da ake fitarwa wajen surfe ita ce rigar ƙwayar, kuma taɓarya takan tafi da ɗan tayin ko ta raunata shi. Shi ya sa surfaffen hatsi ba ya iri. Shinkafar da aka turara ma haka, zafi ya riga ya kashe ta tun a tukunya.

Ruwa

Irin da ya bushe da kyau yana ɗauke da ruwa kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na nauyinsa. A wannan hali yana da rai, yana numfashi, amma a hankali ƙwarai har da ƙyar na'ura ke iya aunawa. Kafin ya farka sai ya sha ruwa mai yawa: masara kimanin kashi 30 cikin 100 na nauyinta, waken suya kuwa kusan rabin nauyinsa. Ke nan ƙasar da danshinta zai tayar da masara ba lallai ya ishi waken suya ba.

Shan ruwan hawa uku ne. Da farko ƙwayar na zuƙar ruwa da sauri ta kumbura, kuma wannan ba shaidar rai ba ce, mataccen iri ma yana kumbura. Daga nan sai shan ya tsaya cik na wasu sa'o'i. Daga waje ba a ganin komai, amma a ciki ne aikin yake: numfashi ya ƙaru, ana gyara abin da bushewa ta lalata a ƙwayoyin halitta, ana haɗa sinadaran da za su narkar da abinci. Hawa na uku shi ne fitowar saiwa, kuma galibi ita ke fara fita kafin toho, domin ruwa ne abin da tsiro ya fi gaggawar nema. Iyakar tana nan. Kafin saiwa ta fito, ana iya sake busar da irin ya rayu. Bayan ta fito, bushewa mutuwa ce.

A kan wannan iyaka aka gina dabarar jiƙa iri kafin shuka, wadda aka gwada a gonakin manoma a Mali da Sudan da Nijar. A jiƙa gero ko dawa kamar awa takwas, a tsame, a baza a inuwa ya sha iska har ya daina manne wa hannu, a shuka a ranar. Irin ya riga ya gama hawa na farko a cikin ƙwarya, don haka yakan riga wanda ba a jiƙa ba fitowa da kwana ɗaya ko biyu. A ƙasar da samanta ke bushewa cikin kwana uku, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sharaɗin dai shi ne a zuba shi a ƙasa mai danshi, kuma kada a zarce lokacin jiƙon har saiwa ta leƙo.

Yadda ɗan tayi ke cin garin da ke gefensa abin sha'awa ne. Sitaci ba ya narkewa a ruwa, tsiro ba zai iya shan sa haka ba, sai an mayar da shi sukari. A ƙarƙashin dusa akwai wani siririn shimfiɗi na rayayyun ƙwayoyin halitta da ya kewaye garin. Da ɗan tayi ya sha ruwa sai ya saki wani sinadari mai suna jibaralin, ya ratsa zuwa wannan shimfiɗi, shi kuma ya fara fitar da abin da ke farfasa sitaci. An fara gano jibaralin ne ta hanyar wata cutar shinkafa da ke sa shuka ta yi tsawo fiye da kima ta faɗi, wadda masanin Japan Eiichi Kurosawa ya bincika a 1926. A 1960 ne Yomo a Japan da Paleg a Ostireliya, kowa a nasa ɓangaren, suka nuna aikinsa a ƙwayar sha'ir. Gwajin mai sauƙi ne: a raba ƙwayar biyu, rabin da ba shi da ɗan tayi zai jiƙa ya zauna garinsa bai narke ba, amma da an ɗiga masa jibaralin sai sukari ya fara fita. Matan da ke zuba garin tsiron shinkafa ko na dawa a kunun zaƙi wannan aikin suke ara. Kunun ya tsinke ya yi zaƙi ba tare da an sa sukari da yawa ba, domin abin da tsiron ya haɗa don kansa ya shiga gasarar yana narkar da ita.

Sai batun binne. Manoman arewacin Katsina da Jigawa da Damagaram da Maraɗi sun daɗe suna binne gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, kuma suna da hujja: gona da faɗi, hannu kaɗan, damina gajeruwa, geron da ya tashi da ruwan farko kuma yakan fi wanda ya makara. Ni ban ga laifin binne ba, amma ya kamata a san inda haɗarinsa yake. Rashin ruwa ba ya kashe irin da aka binne, sai dai tururuwa da ɓeraye da zabi su rage shi. Abin da ke kashe shi yayyafi ne, wanda ya isa ya tayar da ƙwaya amma bai isa ya riƙe tsiro ba. A 1988 M. V. K. Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, ya fitar da ma'aunin faɗuwar damina da har yau ake amfani da shi a yankin Sahel: bayan 1 ga Mayu, a sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fiye da kwana bakwai ba ruwa a cikin kwana talatin da suka biyo baya. Rabin farko na wannan ma'auni shi ne abin da manomi ke aunawa da hannunsa. Rabi na biyu babu hannun da zai auna shi, nan ne hasashen hukumomin yanayi ke da amfani.

A jihar Maraɗi, ƙungiyar manoma ta Fuma Gaskiya da masu bincike na Jami'ar Hohenheim ta Jamus sun gwada wata dabara ta rage wannan haɗari. Ana kwaɓa yashi da ƙasa mai ɗan yumɓu da tokar itace ko ɗan takin zamani, a zuba ƙwayoyin gero a ciki, a mulmula dunƙule mai faɗin kamar santimita biyu, a shanya ya bushe da wuri kafin irin ya farka. Dunƙulen na kare irin daga tururuwa da ɓera, yayyafi ba ya saurin ratsa shi, in ruwan kirki ya zo kuma ya narke, saiwa ta tarar da ɗan abinci a kusa.

Iska da zafi

Irin da ya farka numfashinsa na ninkuwa sau da yawa, kuma oksijin yake nema, wanda ke cikin 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya cika kafofin ya kwanta kwana biyu ko uku, irin ya shaƙe, ƙwayoyin cuta su ƙarasa shi. Wake da gyaɗa sun fi saurin ruɓewa a irin wannan hali, shi ya sa a ƙasa mai laka ake ɗora su kan kunya. Shinkafa ce ta fita daban: tana iya tsira a ƙarƙashin ruwa, ta miƙa kuben tohonta sama har ya kai ga iska, sannan saiwa ta biyo baya.

Zafi kuma kowane iri da nasa gwargwado. Alkama na fara motsi tun daga digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, masara sai ƙasa ta kai digiri 10, kuma ko a hakan a hankali take fitowa. Masu noman rani a Kadawa da kwarin Haɗeja sun san haka: masarar da aka shuka a tsakiyar hunturu takan yi nawar fitowa, alhali alkamar da ke gefenta ta yi kore shar. Gero ɗan zafi ne. Ya fi saurin tsira a tsakanin digiri 30 da 35, yana jurewa har sama da 40, amma a wajen 45 zuwa sama yakan gaza. Matsalar ita ce saman rairayi a Sahel yakan wuce digiri 50 da tsakar rana a watan Mayu da Yuni. Irin da ke a zurfin 'yan santimita yana cikin sauƙi, amma tohon da ya iso sama a irin wannan rana yakan ƙone a daidai wuyansa. Gurabe da yawa da manomi ke zargin iri ko tsuntsu a kansu, zafin ƙasa ne ya cinye su. Barin karan bara a kwance a gona na rage wannan zafi, yana kuma tare rairayin da iska ke watsa wa ƙananan shuka.

Latas kuwa akasin gero ne. In ƙasa ta kai wajen digiri 30, yawancin irinsa sai ya ƙi tsira ko da ruwa ya wadata. Masu lambu kan yi masa rumfa, su shuka da yamma, su yayyafa ruwa don ƙasar ta huce.

Zurfi da haske

Ƙwayar masara ɗaya ta kai nauyin ƙwayar gero wajen talatin, kuma guzurinsu ma haka ya bambanta. Masara na fitowa lafiya daga zurfin santimita biyar, har fiye. Gero kuwa biyu zuwa uku ya fi masa. Mai sara da sungumi yana tsakanin abu biyu: in ramin ya yi sama-sama, ƙasar ta bushe kafin saiwa ta kama, in ya yi zurfi, toho ya ƙare a hanya. Taka ramin da diddige bayan an zuba iri ma yana da dalili, yana manna ƙwaya da ƙasa mai danshi yadda ruwa zai ratsa ta. Zuba ƙwayoyi da yawa a rami ɗaya, wanda wasu ke gani ɓarna ce, yana da nasa amfani a ƙasar da ke yin ɓawo bayan ruwa mai ƙarfi: toho goma sun fi ɗaya ƙarfin ɗaga ɓawon. Daga baya a yi cira.

Wake ya fi shan wahalar wannan ɓawo saboda yadda yake fitowa. Karansa ne ke lanƙwashewa ya turo ƙasa da gwiwarsa, sannan ya jawo ɓarin biyu zuwa sarari. In ƙasar ta yi tauri, gwiwar ta karye, shi ke nan. Gurjiya ba ta wannan wahalar, ɓarinta na zama a ƙasa toho kaɗai ke fita, kamar yadda hatsi ke yi.

Yawancin amfanin gonarmu ba ruwansu da haske wajen tsira. Amma ƙananan iri, kamar taba da ciyayi da yawa, sukan jira shi, domin a gare su haske ne shaidar cewa suna kusa da sama. A 1952, a Beltsville ta Amurka, Harry Borthwick da Sterling Hendricks da abokan aikinsu sun haska wa jiƙaƙƙen irin latas jan haske, ya tsira. Suka bi shi da wani haske da ke can ƙarshen ja, wanda ido ke gani da ƙyar, sai ya fasa. Suka yi ta sauyawa, suka ga irin na bin hasken da ya zo masa a ƙarshe ne kawai. Ganyen shuka na shanye jan haske ya bar ɗayan ya wuce, saboda haka irin ciyawar da ke ƙarƙashin inuwar wake mai yaɗo yakan ci gaba da barci. Huɗa kuma na fito da irin ciyawa daga zurfi ya ga rana, shi ya sa sabuwar huɗa ke cika da ciyawa bayan ruwa ɗaya.

Irin da ke ƙin tsira

Akwai irin da za a ba shi ruwa da iska da zafi daidai, ya yi kwance abinsa. 'Ya'yan kuka da bagaruwa da gawo ɓawonsu ba ya barin ruwa ya shiga ko kaɗan. Matan da ke dafa kalwa yini guda kafin ɓawonta ya saki sun san taurin irin wannan riga. A daji, abin da ke buɗe su shi ne zafin rana da sanyin dare na shekaru, da wutar daji, da cikin dabba: akuya ta ci kwasfar gawo, 'ya'yan su fita a kashinta ɓawonsu ya ɗan ci, ga taki a gefe. Amfanin wannan taurin kai shi ne 'ya'yan bishiya ɗaya ba sa tsira a shekara ɗaya, fari ɗaya ba zai shafe su duka ba. Masu renon itatuwa kan gajarta jiran: su zuba wa irin ruwan zafi su bar shi ya huce a ciki ya kwana, ko su ɗan kankare ɓawon da wuƙa a gefen da ke nesa da hanci.

Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, gwanar jira ce. Ƙwayarta kamar ƙura take, ba ta kai rabin milimita ba, tushe ɗaya kuma na zubar da dubun-dubatarta, kuma takan zauna a ƙasa shekara goma ko fiye da ranta. Guzurinta bai wuce na 'yan kwanaki ba, saiwarta ba ta iya tafiyar da ta wuce 'yan milimita. In ta tsira babu saiwar dawa ko gero ko masara a kusa da za ta kama, ta mutu. Saboda haka ta ƙara wa kanta sharuɗɗa biyu a kan na kowa. Sai ta yi mako ɗaya zuwa biyu cikin danshi da ɗumi tukuna, sannan sai ta ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa cikin ƙasa. An fara ware irin wannan sinadari a 1966 daga saiwar auduga, aka sa masa suna sitirigol. Daga baya aka gane cewa shuka na fitar da shi ne don kiran wasu ƙananan halittu masu amfani da ke taya saiwa jawo abinci, kuma tana ƙara fitar da shi in ƙasa ta rasa sinadarin fosfaras. Wannan ya bayyana abin da manoma suka daɗe da lura da shi, cewa wuta-wuta ta fi addabar gonar da ta gaji.

A nan kuma lagonta yake. Auduga da waken suya da gyaɗa na fitar da sinadarin da ke tayar da wuta-wutar hatsi, amma ba ta iya kama saiwarsu. Ta tsira ta mutu da yunwa. Manomin da ke juya dawa da waken suya ko auduga yana rage irin da ke kwance a gonarsa kowace damina. Shekara ɗaya ba ta isa, kuma dole a haɗa da tuge wadda ta fito kafin furenta ya zubar da sabon iri. A lura kuma wake na da tasa wuta-wutar dabam, wadda ke kama shi shi kansa.

Tsawon ran iri

Iri na tsufa ko ba a taɓa shi ba, kuma danshi da zafi ne ke tsofar da shi. Masanin iri J. F. Harrington ya bar ƙa'idar da ake yawan ambato: duk ragin kashi ɗaya cikin 100 na danshin iri na ninka tsawon ransa, haka ma duk ragin kimanin digiri biyar na zafin ma'ajiya. A kan wannan ne aka gina rumbun iri na duniya da ke Svalbard a ƙasar Norway, wanda aka buɗe a 2008, inda ake ajiye busasshen iri a digiri 18 ƙasa da sifili. Cibiyar IITA ta Ibadan, mai riƙe da nau'in wake sama da 15,000, na cikin waɗanda suka fara aika nasu. Bushewa kaɗai ma takan yi abin mamaki: ƙwallon dabinon da aka tono a Masada, kusa da Tekun Gishiri, mai kimanin shekara 2,000, an shuka shi a 2005 ya tsira.

Amma ba kowane iri ke son bushewa ba. Goro da ƙwallon mangwaro da 'ya'yan kaɗanya da koko in sun bushe sun mutu. Wanda ke son renon kaɗanya sai ya shuka ƙwallon cikin 'yan kwanaki bayan ya faɗo. Gyaɗa da waken suya kuma, saboda mansu, suna saurin rasa ƙarfi a ɗaki mai zafi, kuma gyaɗa ta fi daɗewa in an bar ta cikin kwasfarta sai dab da shuka a ɓare.

Ido ba ya bambanta rayayyen iri da matacce, kuma abin takaici ne a ce manomi sai ya yi asarar ruwan farko kafin ya gane irinsa ya mutu, alhali gwajin bai fi ƙarfin kowa ba. Mako biyu kafin lokacin shuka, a ɗebo iri daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, a gauraya, a ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba. A jera su a kan jiƙaƙƙen tsumma ko buhun algarara, a naɗe, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma yadda zai zauna da danshi ba tare da ya yi sharkaf ba. Bayan kwana bakwai a buɗe a ƙirga, kuma waɗanda suka fitar da saiwa da toho masu lafiya kaɗai za a lissafa, ban da waɗanda suka kumbura kawai ko suka fito a murguɗe. In an sami 85 ko fiye, a shuka yadda aka saba. In bai kai 85 ba amma ya kai 60, a ƙara yawan ƙwaya a kowane rami. In bai kai 60 ba, a nemi wani irin tun kafin hadari ya haɗu, wannan kuma a kai shi turmi, matuƙar ba a riga an gauraya shi da maganin iri ba.